Kwalba Mai Koren Zare

Ɗakin yana ƙarshen barandar hawa na biyu, bayan ofishin jarrabawa, inda a da ake jibge karyayyun kujeru da tsofaffin takardun amsa. Da ƙorafi ya ishi jami'a, aka kwashe tarkacen, aka yi fenti, aka kawo kujeru uku masu taushi, da gadon jariri ɗaya, da labule, da ɗan firjin da ko ƙugun mutum bai kai ba. Aka manna takarda a ƙofa cewa na masu juna biyu ne da masu shayarwa. Makullin kuwa aka damƙa wa matar da ta shekara ashirin da shida tana sharar wannan baranda, don duk benen ba wanda ya kai ta sammako, ba kuma wanda ya kai ta faɗa. Ɗalibai Inna suke ce mata. Malamai kuma, in ba ta kusa, Inna Mai Makulli.

Dokokin ɗakin ba su da yawa. Wadda sunanta ke cikin jerin da jami'ar walwalar ɗalibai ta bayar, a buɗe mata. Duk bayan wata uku, mai shayarwa ta nuna wa Inna katin awon ɗanta, Inna ta sa alama a rajista. Nonon da aka tatsa aka sa a firji, mai shi ta ɗauki abinta in za ta tafi gida. Wanda ya kai ƙarfe huɗun ranar Juma'a kuwa, a zubar.

Akwai doka ta huɗu, wadda ba a rubuta ba, ita ce ta Inna. Takardun sunan da ake mannawa jikin kwalba sanyi kan kwaɓe su, har wata rana aka yi musayar kwalba tsakanin wata 'yar sashen lissafi da wata 'yar sashen shari'a, aka kusa ba hammata iska. Washegari Inna ta zo da gwangwanin zarenta na gida, ta ba kowace launi guda, ta ce a ɗaura a wuyan kwalba. Tun daga ranar ta daina wahalar riƙe sunaye. Akwai Mai Ja, akwai Mai Shuɗi, akwai Mai Fari. Ɗaya ce kawai ta tsira daga launi, ita ce Uwar Biyu, wata kakkaura mai bakin tsiya, wadda kullum take cewa ita ba ɗaliba ba ce, kamfanin madara ce mai katin jarrabawa.

Mai Kore ta zo a farkon zango. Siririya ce, doguwa, mai ƙaramar murya, 'yar shekarar ƙarshe. Ta nuna katin awo, ɗa namiji, wata biyu. Kullum sha biyun rana take zuwa, lokacin da sauran ke cikin lacca, ta ja labule, ta fito bayan rabin awa, da yamma ta ɗauki kwalbarta ta wuce.

Ranar farko da Inna ta ji kukan jariri daga cikin ɗakin, sai da mofar goge ƙasa ta kuɓuce mata, don ta san yarinyar ba da goyo ta shiga ba. Uwar Biyu ce ta warware mata abin, tana dariya har da dafa bango.

"Waya ce, Inna. Muna ɗaukar kukansu a waya. Injin tatsa ai ba ya da fuska, jiki ba ya yarda da shi. Amma da ka kunna kukan, sai nono ya sauko da kansa. Ni nawa biyu ne, in na kunna sai na riƙe bokiti."

"Allah ya shirye ku," in ji Inna. "Yanzu har nonon ma yaudararsa kuke yi."

A hankali ta saba. Tana goge barandar tana jin 'ya'yan mutane suna kuka a waya, har ta san na kowa. Na Mai Kore siriri ne kamar uwarsa. Yakan fara a hankali, ya yi sama, a tsakiya ya yi ɗan tari sau biyu, sannan a ji muryar namiji yana dariya yana cewa, "Haba, ba shi mana." Daga nan sai ya yanke, ya koma farko.

Mako na uku Mai Kore ba ta zo ba. Mako na huɗu ta dawo, ta ƙara ramewa, ta gaida Inna kanta a ƙasa, ta shiga ta ja labule. Yaron ya yi kukansa, ya yi tarinsa, uban ya ce a ba shi. Da yamma Inna ta buɗe firji, ta ga kwalba mai koren zare tana nan. Washegari suka zama biyu. Ranar Juma'a biyar suka jeru a lungun firjin, kowace cike har wuya, an rubuta kwanan wata a murfinta da rubutu mai kyau.

Inna ba ta son almubazzaranci, kuma ba ta iya ɓoye abin da ba ta so. Ta kwashe su a bokiti zuwa ɗakin tsintsiya, ta tuttule su ɗaya bayan ɗaya a wurin da take wanke mofa, tana mita. 'Yan matan yanzu, karatu ya cinye musu kai. Wata na can tana neman ɗigo ɗaya ba ta samu ba, wata kuwa ta tara ta manta. Ta sake famfo a kai, farin ya bi rariya.

Ranar Litinin Inna ta tare yarinyar a bakin ƙofa, makulli a hannu.

"Ke Mai Kore, ɗan naki azumi yake yi ne? Ko kin yaye shi ba ki gaya wa jikinki ba?"

Yarinyar ta dubi makullin, ba ta dubi Inna ba.

"Yi haƙuri, Inna. Mantuwa ce."

"Mantuwa har kwana biyar? Wallahi da nono na da baki da ya kai ƙararki."

Yarinyar ta yi wani ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa babba don kar ya ji kunya, ta shiga. Juma'ar nan ma kwalabe biyar Inna ta zubar, haka ta gaba. Ta rubuta "A ɗauki kwalba" a takarda ta liƙa a firji, Uwar Biyu ta ƙara a ƙasa da biro, "ko a ba mabukata."

Ba rana ɗaya abin ya faɗo wa Inna ba. Kunnenta ne ya fara ganewa kafin ita. Yara a waya girma suke yi. Na Mai Ja, wanda da yake tsiwa kamar ɗan tsako, yanzu muryarsa ta buɗe. Mai Shuɗi ta daina kunna kuka, ta koma kunna gwarancin 'yarta da dariyarta. Tagwayen Uwar Biyu duk mako da sabon rikici, har an fara jin ɗaya yana kiran baba. Uwa ba ta iya haƙuri da tsohon kuka, kullum akwai sabo da take so a ji. Amma ɗan Mai Kore yana nan yadda yake. Wata biyu sun shuɗe, bai ƙara ko numfashi ɗaya ba. Ya fara a hankali, ya yi sama, tari biyu, haba ba shi mana.

Wata Laraba Inna na tsaye da mofa a bakin ƙofar, sai ta tsinci kanta tana jiran tarin kafin ya zo. Ya zo daidai inda ta san zai zo.  Rana ce tsaka, ɗalibai na hayaniya a ƙasa, wani malami na faɗa a aji na gaba, amma ita sai ta ji barandar ta yi tsawo ta yi sanyi, kamar duk an tashi an bar ta da wannan murya. Ta jingina mofar, ta koma kan bencinta ta zauna. Maganarta ta ranar Litinin ɗin nan ta dawo mata kalma bayan kalma. Magana zarar bunu ce, ta riga ta zare.

Da yamma ta buɗe firji ta tsuguna ta duba da kyau. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kwalaben da a da suke cika har wuya, yanzu da ƙyar suke wuce rabi.

Makon da ya biyo baya shi ne na nuna kati. Kowa ta kawo nata, Inna ta sa alama. Layin Mai Kore kaɗai ya rage fari, kuma ranar Litinin jami'ar walwala za ta zo duba rajista. Ranar Alhamis, da kukan ya tsaya, Inna ta ƙwanƙwasa ta shiga, ta mai da ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Yarinyar na zaune tana ɗaura koren zare a wuyan kwalba. Wayar na kan gadon jaririn, a tsakiya, an ja ɗan bargon an rufe ta zuwa rabi.

"'Yata," in ji Inna, "kati ake nema."

Yarinyar ta gama ƙullin, ta ƙara wani a kai.

"Yana jakata, Inna. Amma awon ƙarshe da ke ciki ya daɗe."

"Yaushe ne?"

"Mako na uku da dawowarmu makaranta. Zazzaɓi ne. Kwana biyu kawai ya yi."

Inna ta zauna a kujerar kusa da ita. Ta yi mata ta'aziyya da kalmomin da kowa ke faɗa, don ba ta da wasu. Sannan ta ce, "Ki yafe mini bakina."

"Ba ki sani ba, Inna. Kuma ni ban ji haushi ba. Ke kaɗai ce kike yi mini maganarsa kamar yana nan."

Wannan ya fi zagi ciwo, Inna ta ji shi har cikin haƙarƙarinta.

Yarinyar ta ci gaba, muryarta ba ta rawa, kamar mai karanta abin da ke rubuce a bango. A gida ba abin da ya rage nasa. Surukarta ta kwashe komai kafin ta dawo daga asibiti, kaya da baho da gidan sauro, har igiyar da ake shanya masa. Don tausayi ta yi, ba don mugunta ba. Maigidanta ya sayo maganin tsayar da nono da likita ya rubuta, kullum da safe sai ya tambaya ko ta sha, ta ce ta sha. Yana nan cikin jaka, ko ɓare shi ba ta yi ba.

"Shi kaɗai ne abinsa da ba a kwashe ba," ta ce, ta dafa ƙirjinta. "Na san zai ƙare. Ina gani yana raguwa. So nake ya ƙare da kansa, kar a tsayar mini da shi. A nan ne kawai in na shigo ba wanda ke ce mini in yi haƙuri."

"Kwalaben fa? Kin san dokar Juma'a."

"Na sani. Don ita nake bari." Sai a nan ta ɗago ta dubi Inna. "Ba zan iya zubarwa da hannuna ba."

 Ɗakin tsintsiya Inna ta gani, da bakin famfo, da baƙin ruwan mofa, da kanta tsaye tana mita. Ashe duk Juma'ar nan aiki aka ba ta, aikin da ake ba na jiki, ita kuwa tana yin sa da tsaki. Sai kuma ta ga wani abin da ta shekara talatin ba ta bari ya zo mata ba: bayan ɗaki, ƙaramin kwanon silba, ita tsugune tana matsa nononta a ciki tana kuka, ɗanta na uku kwana sha tara ya yi. Yayarta ce take zuwa ta ɗauke kwanon, ta dawo da shi a wanke. Har yayar ta bar duniya Inna ba ta taɓa tambayarta inda take kaiwa ba.

"Kar ki gaya wa Anti," in ji yarinyar. Haka ɗalibai ke kiran jami'ar walwala. "In ta ji, hutu za a ba ni."

Inna ta san dokar. Duk wadda ta yi rashi, a ba ta hutun zango guda ba tare da ta rasa komai ba, a cire sunanta daga jerin ɗakin, a kira mijinta ya zo su tafi. Anti da kanta ta yi shekara biyu tana hawa da sauka a ofisoshi kafin a amince da dokar, kuma doka ce mai kyau, Inna ta ga waɗanda ta yi wa rana. Amma wannan yarinyar in an mai da ita gida, ɗakin da ba ko igiya za a mai da ita.

Juma'ar nan Inna ba ta ɗauki bokiti ba. Ta wanke hannunta da sabulu, ta naɗe kwalaben a tsaftataccen mayafi, ta sauka ta matakalar baya, ta je gindin bishiyar da ke bayan benen inda ba kowa ke bi ba. Ta tsuguna ta zuba a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ta jira ƙasa ta shanye kafin ta buɗe ta gaba.

Ranar Litinin Anti ta zo da tabaranta a goshi, da gaisuwarta mai tsawo. Mace ce mai kirki, mai sauri, kullum da fayil uku a hammata. Ta buɗe rajista a kan firji, ta bi layi da bakin biro, ta tsaya.

"Inna, wannan fa? Ba alama."

Shekara ashirin da shida, ko sabulu ɗaya ba a taɓa nema an rasa a hannun Inna ba. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, kuma ta san abin da ake yi wa ma'aikacin da ya sa hannu a kan ƙarya. 

"Ranki ya daɗe, na ga katin. Ni ce na manta ban sa ba. Tsufa."

"Yaron lafiya dai? Na ga ta rame."

"Karatu ne, ranki ya daɗe. Shekarar ƙarshe."

Anti ta miƙa mata biron. Inna ta sa alamar. Anti ta rufe rajista, ta buɗe firji don ta ga ko yana sanyi, kamar yadda ta saba. Idonta ya sauka a kan kwalba mai koren zare ta ranar, wadda nonon cikinta bai fi tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe firjin a hankali, ta sauke tabaranta kan hanci.

"Yana sanyi," ta ce, ta kwashi fayilolinta ta fita.

Inna ba ta san abin da matar ta gani ba, ba ta kuma nemi sani ba.

Mako uku suka ƙara. Gaɓa biyu ta koma ɗaya, ɗaya ta koma abin da bai fi cokali ba. Uwar Biyu ta leƙa firji wata rana ta buɗe baki za ta yi tsiyarta, Inna ta yi mata wani kallo, ta haɗiye maganar, ba ta sake ba. Sha biyun rana kuwa Inna ta daina goge wannan ɓangaren. Takan zauna a benci, makulli a cinya, ta kori duk wanda ya zo da hayaniya, yaron na kuka a bayan ƙofa.

Wata Talata kukan ya zagayo sau uku, sau biyar, sau goma. Rabin awa ta wuce, awa ta wuce. Haba, ba shi mana. Haba, ba shi mana. Inna ta tashi ta tura ƙofar.

Yarinyar na zaune, injin a hannunta yana ta ja, kwalbar a bushe, ko raɓa babu. Ba kuka take yi ba. Ta dubi Inna kamar yaron da ya ɓata a kasuwa.

"Inna, yana kuka, ba ya zuwa."

Inna ta ƙarasa ta kashe injin, ta zare shi daga hannunta, ta gyara mata riga. Wayar ba ta taɓa ta ba, don ba tata ba ce. Ta zauna ta jawo kan yarinyar kan kafaɗarta, suka bar shi ya fara a hankali, ya yi sama, ya yi tarinsa biyu. Da uban ya yi dariya ya yi maganarsa, yarinyar ta miƙa hannu ta kashe. Sai a sannan kukan ya zo mata, irin wanda ke fitowa daga ciki ba sauti, Inna na jijjiga ta kamar yadda ake jijjiga goyo, ita ma hawayen shekara talatin na bin kumatunta.

Da yarinyar ta natsu, ta ɗauki kwalbar da ba komai ciki, ta rubuta kwanan wata a murfin, ta ɗaura zare, ta sa a firji. Ta rataya jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Inna, inda kike kaiwa..."

Inna ta tuna famfon ɗakin tsintsiya.

"Kar ki gaya mini," in ji yarinyar, ta tafi.

Ba ta sake hawowa ɗakin ba. Inna ta hango ta sau biyu a ƙasa lokacin jarrabawa, da littattafai a ƙirji, tana tafiya cikin ƙawaye. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu Inna ta buɗe firji ta ɗauki kwalbar, ta juya ta a hannu. Doka ta ce a zubar da nono, ba ta ce komai a kan kwalbar da ba nono ba. Ta mai da ita lungunta.

Sabon zango ya kawo sababbin ciki da sababbin goyo. Wata ƙaramar yarinya mai fara'a ta sa hannu a gwangwanin zare ta ɗauko kore, Inna ta karɓe ta ce wannan ya ruɓe, ta ba ta ruwan goro.

Har yanzu in sha biyu ta yi, ko da ba kowa a ɗakin, Inna takan jingina mofa ta zauna a benci. Ta san ba waya a ciki, ita ta kulle ƙofar da hannunta. Amma firjin na gurnaninsa, kuma a ƙarƙashin gurnanin takan ji ya fara, a hankali, siriri. Sai ta ji ƙirjinta, wanda ya bushe tun kafin a haifi uwar yaron, ya ɗaure mata yana tsikari. Ba ta tashi sai ya yi tarinsa biyu, sannan ta ɗauki mofa ta ci gaba daga inda ta tsaya.